Gazza: yaron da Ingila ta yi ta dariyar ciwonsa

Ni dai na fara sanin Paul Gascoigne, wanda ake wa laƙabi da Gazza, a matsayin abokin gaba ne. Daren 1 ga Yulin 1990, Kamaru da Ingila a birnin Naples, kwata fainal na kofin duniya. Maƙwabcinmu ya fito da 'yar talabijin ɗinsa ƙofar gida ya ɗora ta kan benci, mu yara muna zaune a ƙasa manya na tsaye a bayanmu, kuma kaf unguwar babu mai goyon Ingila ko mutum ɗaya, ai Kamaru tamu ce, ta doke Ajantina ta su Maradona a wasan farko, me kuma ya rage. David Platt ya fara cin mu. Aka dawo daga hutu aka sako Roger Milla, ba a jima ba wani ɗan lukutin yaro mai lamba 19, wato Gascoigne, ya bi Milla cikin da'ira ya kwashe shi ba gaira ba dalili, rafali ya nuna fenariti, Kundé ya ci. Har addu'a aka yi wa yaron nan a ƙofar gidan, wani dattijo na cewa Allah ya ƙaro mana irinsa. Ekéké ya ƙara ta biyu muka haukace. To sai Lineker ya farke da fenariti, aka tafi ƙarin lokaci, sai ga ɗan lukutin nan dai ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya yana tafe kamar ba ya so, ya zura ta tsakanin 'yan baya ta faɗa daidai ƙafar Lineker, aka kayar da shi, wata fenaritin, 3-2. Dattijon da ya yi masa addu'a shi ya fara tsine masa.

Na daɗe ina ganin duk wanda yake son fahimtar mutumin nan to wannan wasan ya ishe shi. Gangancin da ya kusa fitar da ƙasarsa da baiwar da ta ceto ta, a dare ɗaya, daga ƙafa ɗaya. Shekarunsa 23 lokacin.

Yaran yanzu da ke cika gidajen kallo ba su san shi ba sosai, kuma ba laifinsu ba ne, domin lokacin da yake ganiyarsa babu Firimiya ma tukuna, sai 1992 aka fara ta, shi kuma bai taka ta ba sai 1998 yana da shekara 31 jiki ya riga ya lalace. Amma ka tambayi Turawan Ingila masu shekara hamsin zuwa sama wane ne ɗan tsakiyar da ya fi kowa baiwa da suka taɓa gani a rigar ƙasarsu, da yawa ba za su ce Gerrard ko Lampard ko Scholes ba, Gazza za su ce. Yana da ƙirji da ƙugu na 'yan dambe, idan ya sa jiki ya kare ƙwallo ba ka isa ka karɓa ba, ga yanka, ga fasin, ga bugun tazara, ga kuma wani rashin tsoro da ba a saba gani wajen 'yan wasan Ingila na wancan zamanin ba, waɗanda galibi duma ta gaba a bi da gudu suka iya. Amma duk da haka kofin duniya ɗaya tal ya buga a rayuwarsa. Wasa 57 ya yi wa Ingila, ƙwallo 10.

Bayanin da aka fi yi shi ne raunin gwiwa ne ya kashe masa wasa a 1991, wasu kuma su ce giya ce kawai, shi ya ja wa kansa. Dukansu akwai gaskiya a ciki, amma ni a ganina an tsallake babban abin. Mutumin nan ba shi da lafiya tun yana yaro, kuma alamomin ciwon nasa su ne ainihin abin da jama'a suka ɗauka a matsayin barkwanci suna tafa masa.

An haife shi ranar 27 ga Mayun 1967 a Gateshead, arewa maso gabashin Ingila, yankin 'yan ƙwadago da masana'antu ke mutuwa a lokacin. Babansa lebura ne mai ɗaukar bulo a wurin gini, mamarsa na aikin masana'anta. Yana ɗan shekara 10 ya raka ƙanin abokinsa shago, yaron ya fita da gudu mota ta buge shi ya mutu a gabansa. Shi ne babba a wurin, shi aka bar wa amana, ka ga kuwa abin da yaro zai ɗora wa kansa. Daga baya babansa ya fara faɗuwa, jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, aiki ya tsaya. A wannan tsakanin ne Paul ya fara wasu ɗabi'u, ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa, fizgar wuya, wasu 'yan sautuka da ba ya iya hana kansa, sai waswasi na dole sai ya taɓa abu sau kaza kafin hankalinsa ya kwanta, ga tsoron mutuwa, ga rashin barci. Da ya girma likitoci suka sa wa abubuwan suna, ciwon waswasi, da ciwon nan da ke ɗaga mutum sama cikin zumuɗi yau gobe ya jefo shi cikin baƙin ciki, da kuma na cin abinci a je a amayar da shi don tsoron ƙiba. Amma a Gateshead ta shekarun 1970 wa zai tsaya wannan dogon Turanci, yaro ne mai rawar kai, shi ke nan.

Wuri ɗaya ne kansa ke yin shiru, cikin fili. Minti casa'in ɗin nan babu waswasi babu tunanin yaron da ya mutu. Matsalar ita ce a rana akwai awa 24, wasa kuma sau ɗaya ko biyu ne a mako.

Newcastle ce ta raine shi. A 1985 shi ne kyaftin ɗin matasan da suka ci kofin FA na matasa, ya zura biyu a ragar Watford a fainal, kuma a shekarar koci Jack Charlton ya fara sa shi a babbar ƙungiya bayan ya gama yi masa faɗa kan ƙiba da cin alewa. A 1988 aka ba shi gwarzon matashin ɗan wasa na Ingila, manyan kulob suka taso. A nan ne labarin da magoya bayan Manchester United ba sa gajiya da shi ya faru: Alex Ferguson ya yi magana da yaron, ya tafi hutu Malta da tabbacin ya samu, yana can aka kira shi aka ce ai Tottenham ta ɗauke shi, fam miliyan 2.2, kuɗin da ba a taɓa biya ba tsakanin kulob ɗin Birtaniya a lokacin, an ce har da gidan da aka saya wa iyayensa a cikin cinikin. 'Yan United sun yi imani da Baba Ferguson ya riƙe shi da ya shiryu. Mai yiwuwa. Amma a tuna a 1989 Ferguson ɗin nan ya sayar da Paul McGrath da Norman Whiteside, manyan 'yan wasa biyu da aka sani da zaman mashaya, bai tsaya jinyar kowa ba. Tsoron koci yana iya hana yaro fita yawon dare, ban ga yadda zai hana shi waswasi ba.

Mu koma Italiya. Kwana uku bayan ya sa mu kuka a unguwa, shi ma ya yi nasa kukan a gaban duniya. Turin, 4 ga Yuli, wasan kusa da na ƙarshe da Jamus ta Yamma. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa a daren jajibirin wasan ma bai iya kwanciya ba, tanis ya tafi bugawa sai da koci Bobby Robson ya fito nemansa. Ana 1-1 cikin ƙarin lokaci ƙwallo ta ɗan tsere masa, maimakon ya haƙura sai ya miƙe ƙafa ya faɗa kan Thomas Berthold. Katin gargaɗi. Yana da ɗaya tun wasan Beljiyam, ma'ana ko Ingila ta wuce ba shi ba fainal. Kyamara ta tsaya a fuskarsa, leɓensa na rawa, ido ya ciko, Lineker ya juya wajen benci yana yi wa Robson alama da a kula da yaron nan. Aka je bugun fenariti bai iya bugawa ba, Stuart Pearce ya ɓarar, Chris Waddle ya ɗaga ta sama, Gazza ya ja rigarsa ya rufe fuska yana sheshsheƙa.

Sai ka san halin da ƙwallon Ingila ke ciki kafin ka gane me ya sa hawayen nan suka yi tsada haka. A 1985 gobara ta ci mutane a filin Bradford, a shekarar kuma aka yi turmutsitsin filin Heysel na Beljiyam inda mutum 39 suka mutu aka kori kulob ɗin Ingila daga gasannin Turai, a 1989 ga na filin Hillsborough da shi ma ya ci rayuka. Ƙwallo ta zama abin kunya, wasan 'yan daba da mashaya, masu hali ba sa kai 'ya'yansu fili. Kwatsam sai ga wani yaro ɗan talakawa yana kuka don ƙasarsa a talabijin miliyoyi na kallo, iyaye mata suka ji kamar ɗansu ne. Ya dawo gida ya tarar ya zama hajar sayarwa, talla ta ko'ina, BBC ta ba shi gwarzon ɗan wasan shekara, har waƙa ya yi ta hau mataki na biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya alhali ba murya gare shi ba. Shekara biyu bayan haka aka kafa Firimiya da kuɗin talabijin fam miliyan 304. Ban ce hawayen Gazza ne suka kawo kuɗin ba, amma suna cikin ruwan da aka wanke fuskar wasan da shi kafin a kai shi kasuwa.

To kuma wane Gazza aka saya? Ba mai fasin ɗin nan kaɗai ba, har da wawan. Robson, wanda yake ƙaunarsa kamar ɗa, shi ya fara yi masa laƙabin wawa cikin raha, ya kuwa bi shi. Ya sauka daga jirgi ya sa ƙirjin roba na mata yana zagaya gari a motar 'yan wasa, aka yi dariya. Ya ce ya taɓa aro jimina daga gidan namun daji ya kai ta filin atisayen Tottenham, aka yi dariya. Duk inda ya shiga ana jiran ya yi wani abu, shi kuma mutum ne da ba ya iya zama shiru ko zama shi kaɗai, in ɗaki ya yi tsit tunani ke dawowa, don haka sai ya ba su abin da suke so. Mai rashin lafiya ya samu 'yan kallo.

Ranar da abin ya fito fili ita ce 18 ga Mayun 1991. Tottenham na cikin bashi har wuya, kusan shi kaɗai ya jawo ta zuwa fainal ɗin kofin FA da ƙwallo shida, ciki har da bugun tazarar nan da ya ɗirka wa David Seaman na Arsenal daga wajen yadi talatin a Wembley, wanda har gobe 'yan Tottenham ke kallo in ransu ya ɓaci. An riga an daidaita da Lazio ta birnin Rum kan fam miliyan 8.5, wasan bankwana ne. Ya shigo fili a birkice, duk wanda ya kalli bidiyon zai ga idanun nan ba daidai suke ba. Ba a je ko'ina ba ya ɗaga ƙafa ya sa wa Garry Parker na Nottingham Forest takalmi a ƙirji. A yau jan kati ne ko musu babu. Rafali Roger Milford bai ba shi ko na gargaɗi ba. Bayan 'yan mintuna Gary Charles ya taho da ƙwallo gefen da'ira, Gazza ya yi tsalle ya sare shi a ƙafa, nan ma babu kati, Pearce na Forest ya ci bugun tazarar, aka dawo tsakiya za a ci gaba sai Gazza ya zube. Jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke, wadda yanzu kowane yaro a gidan kallo ya iya kiran sunanta ACL. A gadon asibiti abokan wasansa suka kai masa kofin bayan sun ci 2-1.

Wurin nan nake so a tsaya. Da Milford ya kore shi a ƙetar farko, da ya fita cikin kunya, jaridu su zage shi mako guda, ya tafi Rum da gwiwarsa lafiya lau. Sassaucin da aka yi masa, wai fainal ce, wai Gazza ne kada a ɓata wa jama'a biki, shi ya ba shi damar yin ta biyun. Kuma haka rayuwarsa ta tafi gaba ɗaya, kowa na ganin ƙetar farko, kowa na kau da kai, saboda yaron na da daɗin zama kuma ana bukatarsa ranar Asabar.

Bai gama warkewa ba ya je gidan rawa a Newcastle aka yi rigima aka buge shi ya faɗi a kan gwiwar, ƙoƙonta ya fashe, kakar 1991 zuwa 1992 ta tafi a banza, Lazio ta rage kuɗi zuwa miliyan 5.5. Italiya kuwa lokacin ita ce matattarar ƙwallon duniya, kuma magoya bayan Lazio sun so shi so na hauka, musamman bayan ya farke musu da ka a minti na 89 a wasan hamayya da Roma a Nuwambar 1992. Amma shekara uku wasan lig 43 kawai ya buga, ƙwallo 6. Ɗan jarida ya miƙa masa makirfo ya yi gyatsa a ciki, Italiyawa ba su ga abin dariya ba. Jan Wouters na Holan ya fasa masa ƙashin kunci da gwiwar hannu a 1993. A Afrilun 1994 kuma, a wajen atisaye fa, ya sake irin tsallen nan kan wani matashi da ba a sani ba lokacin, Alessandro Nesta, ya karya ƙafarsa da kansa. Kocin Ingila Graham Taylor ya taɓa ɗan gugar zancen shan nasa a bainar jama'a cikin lulluɓi, aka yi masa caa kamar shi ne mai laifin.

Duk wata jinya doguwa a wajensa guba ce. Ɗan wasa mai lafiyar kai in ya karye ya yi haƙuri ya yi jimiri, shi kuwa an ɗauke masa maganinsa ne na wata goma sha, aka bar shi da kuɗi da abokai da mashaya. Kuma zamanin ne da shan giya a ƙwallon Ingila ba a ɗauke shi matsala ba, al'ada ce, 'yan wasa su gama atisaye su wuce mashaya tare, wanda bai sha ba shi ne bare.

Sai dai sara da sassaƙa bai hana gamjin toho ba. A 1995 Walter Smith ya kai shi Rangers ta Sikotlan kan fam miliyan 4.3, ya yi kakar da ta fi kowace tun bayan gwiwar, ya ci uku rigis a ragar Aberdeen ranar da suka ɗauki lig, aka ba shi gwarzon shekara. A can ne katin rafali ya faɗi ƙasa Gazza ya tsince shi ya ɗaga wa rafalin, shi kuma ya karɓa ya ɗaga masa da gaske, wannan kam ni ma na yi dariya. Amma a can ɗin dai ya kwaikwayi busa sarewa irin ta masu maci na Furotesta, a garin Glasgow da gabar Katolika da Furotesta ba wasa ba ce, ya yi a 1995 aka ce bai sani ba, ya sake a filin Celtic a Janairun 1998, aka ci shi tarar fam 20,000 har barazanar kisa ta biyo baya.

Yuro 96 a gida. Kafin gasar tawagar ta je Hong Kong, hotuna suka fito ana ɗura wa 'yan wasa barasa a baki suna kishingiɗe a kujerar likitan haƙori a wani gidan rawa, jaridu suka ce a kore shi. Ranar 15 ga Yuni da Sikotlan, Seaman ya tare fenaritin Gary McAllister, ba a yi minti biyu ba ƙwallo ta iso wa Gazza tana tsalle, ya ɗaga ta da hagu ta saman kan Colin Hendry, Hendry ya zame ya faɗi, kafin ta taɓa ƙasa ya sheme ta da dama ta wuce Andy Goram. Sai ya ruga ya kwanta rigingine ya buɗe baki, abokai suka zo suna tsiyaya masa ruwa, wato kujerar likitan haƙori. Jaridun da suka ce a kore shi suka koma ba shi haƙuri. Ka duba fa, mutumin da giya ke cin sa yana murnar ƙwallo da kwaikwayon ɗura giya, ƙasa guda na tafi, har yau in za a nuna tarihin Wembley sai an sa hoton.

A wasan kusa da na ƙarshe Jamus ce kuma. Ƙarin lokaci, dokar duk wanda ya fara ci ya wuce, Shearer ya gilma ƙwallo gaban raga babu kowa, Gazza ya zamo da ƙafa a miƙe ta wuce shi da abin da bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce ya ɗan dakata ne yana zaton gola zai taɓa ta. Mutumin da ganganci ya gama da shi, rana ɗaya da ya tsaya yin lissafi ita ce ta hana shi fainal.

To amma idan ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma a nan ba zan yi masa kara ba. A Yulin 1996 ya auri Sheryl, a Oktoba jarida ta buga hotonta fuska a kumbure hannu a naɗe bayan dukan da ya yi mata a wani otal a Sikotlan. Shi da kansa ya amsa, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Ciwon kai ba ya wanke wannan, akwai dubban masu irin ciwonsa da ba su taɓa ɗaga wa mace hannu ba. Ƙungiyoyin mata suka ce a cire shi daga tawagar ƙasa, koci Glenn Hoddle ya ce a ba shi dama ya gyara, ya ci gaba da kiransa. Wata ƙetar farkon ce aka sake kau da kai. Abin da ya sa na ce haka, Hoddle ɗin nan da ya yafe dukan mace shi ne ya ajiye shi dab da kofin duniya na 1998 saboda ba shi da kuzari, bayan hotunansa sun fito yana yawon dare yana cin gasasshen nama a titin Landan. A sansanin La Manga na Sifen aka faɗa masa, ya farfasa kayan ɗakin kocin, kuma daga ranar bai ƙara sa rigar Ingila ba. Wato ma'aunin bai taɓa zama halinsa ko lafiyarsa ba, ƙafar ce, ranar da ta daina biya aka rufe ƙofa.

Mutane kan kawo Tony Adams su ce ai ga wanda ya tsira. Gaskiya ne, kyaftin ɗin Ingila a Yuro 96, ya taɓa zaman gidan yari kan tuƙi cikin maye, a 1996 ya fito ya ce shi mashayi ne ya daina, Arsène Wenger ya iso Arsenal da sabon tsarin abinci da horo, Adams ya ɗaga lig da kofin FA a 1998 da 2002, ya kuma kafa cibiyar Sporting Chance a 2000 don 'yan wasa masu irin matsalarsa. Bambancin a ganina biyu ne. Adams in ya daina sha ya zama Adams mafi kyau, babu wanda ya yi asara. Gazza in ya natsu ya yi shiru, to ina Gazzan da aka saya? Na biyu kuma giyar tasa rufi ce a kan wani rami, ka ɗauke rufin ramin na nan.

Sauran labarin gangara ce, ba sai an daɗe a kai ba. Middlesbrough, inda ya ɗauki motar ƙungiya da wasa ya je ya buga ta, ya kuma karya hannunsa garin kai wa George Boateng gwiwar hannu. Everton wajen Walter Smith. Burnley. Wata ƙaramar ƙungiya a ƙasar Sin a 2003, wasa huɗu. Boston United. A 2005 aka ba shi kocin Kettering, kwana 39 aka sallame shi. Asibitocin masu shaye-shaye a Ingila da Arizona ta Amurka, shiga da fita. A 2008 hukuma ta tsare shi a asibiti ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2016 kotu ta ci shi tara kan wani barkwancin wariyar launin fata da ya yi wa wani baƙar fata mai gadi a wajen taro.

Akwai abu ɗaya da ya fito daga baya wanda ya tsaya min a rai. Shekaru yana cewa ana sauraren wayarsa, sirrin da ya faɗa wa na kusa da shi kaɗai sai ya gan shi a jarida, har ya daina yarda da danginsa yana zargin su ke sayar da shi, ana cewa ciwon ne ya motsa. A 2015 babbar kotu a Landan ta tabbatar 'yan jaridar kamfanin Mirror sun yi shekaru suna kutse cikin saƙonnin wayarsa, aka ba shi diyyar fam 188,250. Mai waswasi ne, amma a wannan karon da gaske ana bin sa.

Sai kuma abin da ya faru a garin Rothbury na arewacin Ingila, Yulin 2010. Wani ɗan bindiga Raoul Moat ya harbi mutum uku, ya kashe ɗaya ya makantar da ɗan sanda, 'yan sanda sun yi masa ƙawanya a bakin rafi, ƙasa duk ta ɗauki numfashi. Sai ga tasi ta tsaya, Gazza ya fito da kaza dafaffiya da sandar kamun kifi da gwangwanin giya, wai ya zo ya lallashi mutumin su yi kamun kifi tare. 'Yan sanda suka mayar da shi. Daga baya ya ce a buge yake da giya da hodar iblis, bai ma san me yake yi ba sosai. Har yau in ka shiga intanet wannan na cikin labaran da aka fi sheƙa dariya a kansu, mutum mai shekara 43 da hankalinsa ya gushe yana nufar mai bindiga da kaza a hannu.

Yanzu ya koma zama a kudancin Ingila bakin teku, wani lokaci a gan shi fes wani lokaci a ga hoton da ba ka so ka kalla sau biyu. Hanyar samunsa ita ce zagaya ɗakunan taro, mutane su sayi tikiti su zauna, ya hau dandamali da makirfo. Akan tambaye shi Turin, akan tambaye shi ƙwallon Sikotlan, amma kafin a tashi sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a ba su labarin jiminar nan. Ya gyara zama ya fara.